An Kama Tirelar Kaka a Cikin Falo

"...lafiya lau, amarya, in ban da mugun hannunki."

"Au, gaisuwar ke nan, ango? Na bar shago tun hantsi ina wahala da akwalarka."

Haka na tarar da su a falo. Kakanmu ya shekara arba'in yana tuƙin tirela kafin ido ya sauke shi. Ƙanwata, wadda muke kira Injiniya saboda gyaran kwamfuta take yi, ita ta sayo masa wasan tuƙin manyan motoci, ta ɗaura masa sitiyari a bakin tebur, birki da totur a ƙarƙashi. Yau da ƙarfe huɗu kuma Gwangwani zai zo, yaron motarsa na da, wanda yanzu gemunsa ya yi fari, yana da tireloli uku nasa na kansa. Sati guda Kaka yana cika masa baki ta waya cewa ya zo ya ga yadda ake hawan dutse da kaya. Ga shi uku ta wuce, kwamfuta a buɗe, cikinta a waje, allo ɗauke da jan rubutu.

"Karanta min," in ji Kaka da ya gan ni. "Ita wannan ƙarya take yi."

Na karanta. Wasan ya ce an buɗe shi a kwamfuta biyar yau, don haka ya kulle sai gobe war haka.

"Biyar! Ni da ko guda ɗaya sai da na yi roƙo? Ina sauran huɗun, amarya? Kin sayar?"

"Kai ka ce mota tana tari a kan tudu. Na canja wannan, na kunna, ka ce tana tari. Na canja wancan, ka ce har da atishawa. Duk abin da na cire na sa wani, mai gadin da ke cikin wasan sai ya ɗauka sabuwar kwamfuta ce."

"Wane mai gadi? Ni ban ɗauki kowa aiki ba."

"Masu wasan ne suka sa shi don kada a kwafa a raba kyauta. Yana nan zaune, bini-bini ya tambayi kwamfuta rasit."

"To shi ke nan, shinge ne! Shi ya sa take tari! Ina tsakiyar hawa da giya biyu, wani ya ce tsaya kawo takardu. Wace mota ce ba za ta shaƙe ba?"

"Tsufan direba ne ya shaƙe ta. Jiya ina kallo ka bi ta kan rumfar mai kayan miya."

"Shi ya kafa rumfa a kan hanyata."

"A cikin kasuwa, ango. Kai ka shiga kasuwar."

Kaka ya juyo gare ni. "Kai da aka tura makaranta har bayan teku, raba mu. Mai gadin nan yana cinye ƙarfin inji ko ba ya ci?"

Na ce gwargwadon abin da na sani, ya danganta. A wani wasan ana jin bambanci, musamman in kwamfutar ba ta da ƙarfi. A wani kuma ko an cire shi ba a ganin komai.

"Ka ji," in ji Injiniya. "Shekara shida a waje, ya dawo mana da 'ya danganta'."

"Da akuya muka tura da ta dawo da madara," in ji Kaka.

Na nemi kujera.

"Akwai mafita," in ji ta. "Maƙwabcin shagona yana da irin wasan nan da aka fasa wa kwaɗo. Ba mai gadi, ba tambaya. Minti goma."

"Wato ɓarawo yana sheƙa gudu a titi, ni mai cikakkun takardu an ajiye ni a gefe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

"To in kawo?"

"Allah ya kiyaye. Shekara arba'in ban taɓa tuƙa motar da ba lamba ba, sai yanzu a gaban Gwangwani? Ke dai garin gyaran gira kin tsone min ido. Na sake ki. Saki uku, har da na ajiya."

"Alhamdu lillahi! Sitiyarin nawa ne, da birkin. In tattara kayana in bar ka da tebur, ka riƙa yin vuum da baki."

"Baki ma haƙoran ba su cika ba, iska zai riƙa fita," in ji Kaka.

Wayarsa ta yi ƙara. Gwangwani ne, ya ce ga shi a kwanar layi. Kaka ya ajiye wayar a hankali, ya gyara hula. Ya dubi jan rubutun allo, ya dubi ƙofa.

Injiniya ta dube shi, ta yi tsaki, ta zaro ƙaramar kwamfutarta daga jaka.

"Ni ma na sayi nawa wasan, da sunana, da takardu. Amma ban yi nisa ba. Motar da nake da ita guda ɗaya ce."

Ta jona sitiyarin. Allo ya haska. Ga wata 'yar mota ruwan hoda, ta raba burodi, da hoton zomo a ƙofa.

"Wannan mota ce ko sabulu?"

"Da babu gara ba daɗi. Ko in rufe?"

Aka yi sallama a ƙofar gida. Kaka ya kama sitiyari da hannu biyu, ya taka totur, 'yar motar ta zabura sumul, ba tari ba atishawa. Dariya ta ƙwace masa har hula ta karkace.

"Na mai da ke ɗakinki, amarya. Maza rufe zomon nan da hannunki. Gwangwani! Shigo ka ga abin da aure ya mai da maigidanka!"