Ranar da Na Mai da Dokar Duniya Lemon Sha

Ba zan taɓa mantawa ba da tafintar da na yi a zauren taro na Belbeji. Lokacin ina ƙaramin mushe, wato malami, a lakwal, makarantar boko, ina koyar da Faransanci, kuma mutanen gari sun ɗauka babu kalmar Nasara da za ta fi ƙarfina. (Ni ma haka na ɗauka, ban kuma taɓa wahalar da kaina wajen gyara wa kowa zatonsa ba.)

Wata ƙungiya ce ta shirya taron faɗakarwa kan haƙƙin ɗan Adam, ta tara masu gari da limamai da shugabannin makiyaya. Mai jawabin wata alƙaliya ce daga Damagaram, kowa Madam yake ce mata. Aka ce da Faransanci za ta yi magana saboda baƙin ƙungiyar, ni kuma in juya wa jama'a da Hausa. A layin gaba ga Alhaji Mamman zaune, mahaifin Zara'u wadda nake neman aure. Na ce a raina yau zai san wanda yake shirin ba ƴarsa.

Da farko abin ya tafi sumul. In Madam ta faɗi jimla ɗaya, sai in mai da ita uku, in sa mata gishiri da yaji. Rana ta take, zauren ya ɗau zafi, ga ƙamshin shinkafa yana shigowa ta taga. Ana cikin haka ta juya takarda ta ce, "Passons au jus cogens."

Ban taɓa jin "cogens" ba tunda aka haife ni. Amma "jus" ai ko ɗan aji ɗaya ya san lemon sha ne. Sai na yanke cewa ɗayar kalmar sunan kamfani ne. Tambaya kuwa ba ta ko zo mini a rai ba, Alhaji yana kallona. Na gyara murya na ce, "Jama'a, Madam ta ce a dakata nan, mu wuce ga shan lemo. Kuma ba kowane lemo ba, na Kojans ne."

Nan take dattawa suka fara miƙewa suna laluben takalma. Liman ya ce Allah ya yi mata albarka. Masu hidima suka shigo da bokitan ƙanƙara cike da kwalabe.

Madam ta dube ni, ta dubi bokitan, ta miƙo hannu ta karɓi makirfo daga wurina. Sai na ji Hausar Damagaram tsantsa tana fita daga bakinta: "Iyayena, ku yi haƙuri ku zauna. Lemon ku sha, amma ba shi na kira ba." (Ashe tun safe tana jin duk yajin da nake zuba wa maganarta.) Dariya ta tashi daga baya ta gangaro har layin gaba. Ni dai na tsaya hannu biyu a gaba, ina ƙirga tururuwar ƙasa da ido.

Ta ce kalmar Latin ce, tana nufin dokokin da suka fi ƙarfin kowace yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Ba kowane haƙƙi ne ya kai wannan matsayi ba, in ji ta. Akwai waɗanda hukuma kan taƙaita in ƙasa ta shiga halin ta-ɓaci, akwai waɗanda masana ke ta muhawara a kansu. Amma bautar da mutum, da azabtar da shi, da kisan ƙare dangi, waɗannan babu gwamnatin da ke da ikon halatta su.

Wani dattijo daga wajen Tenhya ya tashi da kwalbarsa a hannu.

"Ƴata, in mutum ya zo ya ce kakana bawan kakansa ne, saboda haka ni da ƴaƴana nasa ne, ya ce tsohon alkawari ne fa?"

"Baba, ko ƙasa da ƙasa ne suka sa hannu kan irin wannan, banza ne, balle mutum da mutum. Dokar ƙasarmu ma ta hana. In ya sake zuwa, ka kai ƙararsa."

Dattijon ya jinjina kai, ya zauna, ya buɗe lemonsa a hankali. Madam ta juyo ta ce, "Mushe, juya wa baƙinmu." Na juya musu da Faransanci kalma bayan kalma, ban ƙara ko wasali ba.

Da aka watse na so in sulale ta ƙofar baya, sai na yi kiciɓis da Alhaji Mamman. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran hukunci.

"Tashi, ɗana," ya ce. "Da ba ka kira lemon nan ba, da baiwar Allahn nan ba ta yi mana Hausa ba. Amma ranar ɗaurin aure ka bar waliyyinka ya yi magana, kai ka yi shiru."

Haka kuwa aka yi, kuma Zara'u tana ɗakina har yau.

Har yanzu akan kira ni tafinta a taruka. Sai dai na koyi wata jimla da babu ita a duk littattafan da na karanta a lakwal, wato "Gafarta mini, ban gane ba." In na faɗe ta, mutum ɗaya ne kawai yake gane ban sani ba. Wancan karon, duk Belbeji ce ta gane.