Injiniya Kar-A-Taɓa da Rigunan Kwamfuta

Duk wanda zai yi maganar adalci a makarantar sakandaren bayan tashar mota, to ya fara kurkure bakinsa kafin ya ambaci Injiniya. Ba injiniya ba ne, Allah na tuba, malamin tarihi ne da aka ɗaga zuwa mataimakin shugaban makaranta. Amma tun da ya je wani taron bita ya dawo da kati rataye a wuya, ya haramta wa kowa ce masa Malam. Ɗalibai kuwa, da yake ba su da ta ido, Kar-A-Taɓa suke kiransa da zarar ya ba da baya.

Jami'ar da ke ƙarshen titi ce ta jawo masa ɗaukaka. Ta fito da wani shiri na raba wa makarantun talakawa kwamfutoci, yara su koyi rubuta manhaja. A ƙarshen shekara za a zo a gwada 'yan ajin ƙarshe, wanda ya ci a ba shi gurbi a sashen kwamfuta kai tsaye. Makarantar da ba ta taɓuka abin kirki ba kuwa, a kwashe na'urorin a kai wata. Shugaban makaranta, tsoho mai jiran ritaya, ya miƙa wa Injiniya makullin ɗakin ya koma ofis ya ci gaba da gyangyaɗinsa.

Injiniya ya leƙa ɗakin, ya leƙa aji, ya ga yara sun ninka na'urori. Da ƙaramin mutum ne, da sai ya raba su rukuni-rukuni su riƙa shiga bi da bi. Shi kuwa babba ne. Washegari ya hau dakalin taron safe, makulli na lilo a ƙirjinsa kusa da katin bita.

"Sunan wannan shiri daidaito," in ji shi. "Idan na bar wani ya taɓa yau, wani sai gobe, na yau ya riga na gobe. Wannan zalunci ne, kuma ba a zamanina ba. Saboda haka ba mai taɓawa sai ranar da kowa zai taɓa tare. Ku tafa."

Aka tafa, don yana riƙe da bulala.

Kada mai hassada ya ce bai koyar ba. Ya koyar, har muryarsa ta dishe. Ya sa aka yayyanka kwalayen da kwamfutocin suka zo a ciki, kowane yaro ya zana allon maɓallai a kan nasa. Guntun sabulu ya zama linzamin da ake ja da hannu. Saura abin da zai amsa wa yaro idan ya danna, kuma nan ne baiwar mutumin ta fito fili, don shi da kansa ya zama kwamfutar. Yaro zai ɗora yatsa a kan harafi ya danne, ba zai ɗaga ba sai Injiniya ya zagayo ta layinsa ya ce, "Ya shiga." Wanda ya ɗaga kafin nan ya sha ranƙwashi, wai ya yi wa na'ura garaje. In kuwa Injiniya ya tsaya amsa waya, sai aji guda ya sandare da yatsu a kan kwali, shi kuma ya ce ai haka ta gaskiyar take yi, wani lokaci takan tsaya tunani.

Su kuma na gaskiyar suna can a kulle, kuma ba tsirara ba. Injiniya yana da ƙanwa mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da keken ɗinki ɗaya da 'ya ɗaya. Ita ya sa ta ɗinka wa kowace kwamfuta riga, shuɗiya mai leshi a baki, har da ɗan aljihun da linzami zai kwanta. In baƙi sun zo, yakan buɗe ƙofa ya tare bakinta da jikinsa, ya ɗaga gefen riga ɗaya su hango ƙyallin leda, ya sake ta. Sai a ɗauki hoto, shi a tsakiya.

'Yar mai ɗinkin tana ajin ƙarshe, kuma ita ce kan ajin. Littafin da jami'a ta aiko ta haddace shi kaf, tana rubuta manhaja a takarda shafi-shafi ba ko gyara. Uwar ba ta da halin kai ta gaba da sakandare, wannan gurbin ne kaɗai ƙofarta. Shi ya sa da jarrabawa ta matso, mai ɗinki ta saɓa mayafi ta same shi a falonsa. Yana kishingiɗe yana bitar jawabi. Ɗansa, wanda shi ma yake ajin, yana gefe da kwamfutar cinya yana wasan kashe dodanni.

Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta roƙe shi ya buɗe wa yaran ɗakin ko da yamma ne, su san yadda abin yake a hannu. In hakan ya gagara, to yarinyar ta riƙa zuwa nan gida tana taɓa ta ɗan'uwanta.

Injiniya ya cire tabarau, don maganar ta kai a cire shi.

"Ke yanzu so kike a ce na fifita 'yar ƙanwata a kan 'ya'yan jama'a? Ni? Wannan da kike gani ta gida ce, ba ta cikin shiri. In ta taɓa ta, na karya tsarin da na kafa da hannuna."

"Shi fa, Yaya?" ta ce, ta nuna yaron da haɓa.

"Shi wasa yake yi, ba karatu ba."

Ta tashi ranta a ɓace. Shi kuwa ya ji daɗin kansa ƙwarai, har ya ƙara maganar a cikin jawabinsa, a matsayin shaidar cewa ko jini bai isa ya lanƙwasa shi ba.

Ranar gwaji ya sa sabuwar kwat. Wata malama ce ta zo daga jami'a, mace mara yawan magana. Ta saurari rabin jawabin, ta ce a buɗe ɗaki a tuɓe rigunan. Injiniya ya ji kamar 'ya'yansa ake tuɓewa a kasuwa. Ta ce yara su shiga rukuni-rukuni, ya buɗe baki zai kawo batun zalunci, ta dube shi, ya mayar da maganar tari.

Yarinyar tana rukunin farko. Ta karanta tambayar, ta yi murmushi, don ta san amsar tun daga layin farko har na ƙarshe. Ta ɗora yatsa a kan harafi ta danne, ta ɗaga kai tana jiran Kawu ya zagayo. Harafin ya zubo a guje, ya cika layi, ya sauka na ƙasa, ya ci gaba. Ta firgita, amma ba ta ɗaga yatsan ba, don shekara guda ana ranƙwashin mai ɗagawa. Ko'ina a ɗakin haka abin yake, yara sun sandare, na'urori na ta ƙara. Injiniya ya shiga tsakanin layuka a guje yana ihu, "Ya shiga! Ya shiga!" Kafin yarinyar ta gano inda ake gogewa, lokaci ya cika. Ta fito tana kuka mara sauti.

Wanda ya ci a makarantar kaf shi ne mai kashe dodanni.

Injiniya bai karaya ba. Ya bayyana wa malamar cewa sakamakon ya tabbatar da tsarinsa, tunda in aka cire mutum ɗaya, kowa ya faɗi daidai wa daida. Ta ce ta gani. Ta kuma gode masa da gaske, ta ce duk makarantun da ta zaga ba inda aka adana kaya haka, makarantar da za a kai wa za ta ɗauka yau aka sayo su. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo ana loda kwamfutocin a mota, yana ce wa masu ɗauka su bi a hankali.

Motar na fita mai ɗinki ta shigo, ba ta ko gaishe shi ba. Ta bi tebur-tebur tana tattara rigunan tana ninkewa. Ya ce ta bari mana, na tarihi ne, zai sa a jera su a ofis.

"A'a, Yaya," ta ce. "Gobe yarinyar za ta hau keken ɗinki, da su za ta fara koyon farke ɗinki. Ni a shagona ana taɓawa."

Ta fita da ƙunshinta. Injiniya ya dubi ɗakin, ba komai sai tebura da guntayen leda. Ya jawo ƙofa ya datse ta da makulli, kada wani yaro ya riga wani shiga.