Ranar da Wayata Ta Ƙi Sanin Yatsana

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai Safiya ɗakin miji ba, kuma ko na so in manta, matan Makarfi ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna da ƙunshi a hannuna sai wata ta ce, "Malama, yau dai wayar ta san ki ko?" Na gaji da ba su amsa. Murmushi kawai nake yi in nemi gefen tabarma in zauna.

Tsohuwar wayata ce ta fara gajiyar da ni. Fuskarta a tsage kamar ƙasan fadama da rani, caji ba ya zama a cikinta, sannan ga mugun halinta guda: da ta ɗau zafi sai ta kira mutum da kanta, duk wanda aka kira na ƙarshe. Ta taɓa kiran hedimastanmu ina tsakiyar ba abokiyar aikina labarin yadda yake gyangyaɗi a ofis. (Bai ce min uffan ba, amma da aka dawo hutu ajin da ya fi kowanne cika aka ba ni.) Don haka da bikin Safiya ya matso, na ce wannan karon dai sai na huta.

Safiya 'yar marigayiya yayata ce. Iya, mahaifiyarmu, ita ta raine ta a Likoro tun tana rarrafe. Ana shirin biki Iya ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce, mai ɗori ya ce ko keke ba za ta hau ba, balle mota. Ga biki a gidana a Makarfi za a yi, amarya kuma Paki za a wuce da ita. Da na je duba ta, ba ciwon ne a bakinta ba. Cewa ta yi, "Yanzu shi ke nan, ba zan ga yarinyar nan cikin kayan amarci ba? Ba zan yi mata sallama ba?"

Ni kuwa sabuwar waya na jaka, sai na buɗe baki na ce, "Iya, za ki gan ta. Daga kan gadon nan za ki gan ta tana motsi, ki yi mata magana ta amsa." Da ma na tsaya a nan.

A shagon da na sayi wayar a kasuwar Makarfi, mai shagon ya saita min ita ta riƙa buɗewa da babban yatsana. Ya ce in zaɓi lambobin sirri kuma, ko da wata rana yatsa zai ƙi. Na danna wasu lambobi da sauri, waɗanda na tabbata yarana ba za su iya cankowa ba. Gaskiya ne, ba su canko ba. Ni ma haka.

Tsohuwar wayar kuma na saya mata sabon layi, na kai ta Likoro ana gobe biki. Na kira sabuwar da ita don lambar ta shiga, na jona ta da fitilar sola, na jingina ta a tagar da ke kallon gadon Iya, inda sabis ya fi ƙarfi. Inna Dije, ƙanwar Iya, ita za ta zauna jinya, kuma ita da waya sai dai kallo. Na yi mata irin muryar da nake yi wa 'yan aji uku: "Inna, kada ki taɓa komai. Ni zan kira bayan la'asar. In ta yi ƙara, koren nan kawai za ki ja." Ta ce to.

Da na koma gida aka zauna ƙunshi. Kafin a sa min, sai da na zaga da wayar na nuna wa kowa. Na miƙa wa wannan ta dangwala yatsa ta ƙi buɗewa, na miƙa wa waccan ta ƙi, ni kuwa ina ɗorawa sai ta haska. Na ce, "Ai ni kaɗai ta sani a duniya." Sannan na miƙa hannuwa na ce a cika min yatsu har gaɓa, a ƙara gishirin lalle, don ni ce uwar amarya kuma ba na son ja-ja. Da safe da na kwance, yatsuna sun yi baƙi wuluk, fatar ta tattare ta yi kaushi. Na yaba ƙwarai.

Ranar biki ba na jin na zauna ko sau ɗaya. Tuwo bai isa ba, an ɓatar da ludayi, yaro ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke, 'yan Kudan sun yi fushi an ba 'yan Ikara tabarmar da ta fi kyau. Waya tana ta ƙara ina ɗauka, don ɗaukar kira ba ya neman yatsa. Shi ya sa ban san halin da nake ciki ba har aka yi la'asar.

Aka fito da Safiya tsakar gida cikin lifaya ruwan goro, idanunta sun kumbura. Na tafa hannu na ce a yi shiru, za a gaisa da Iya. Mata suka matso, har da dangin ango da suka zo ɗaukar amarya. Na ɗaga wayar yadda kowa zai gani, na ɗora yatsa.

Ta ɗan girgiza, ta ƙi.

Na goge yatsan a zani na sake. Ta ƙi. Na lasa, na sake. Ta ƙi, ta ce in sa lambobin sirri. Na sa shekarar haihuwata, na sa ta maigidan, na sa lambar motar da ya sayar tuntuni. Sai wayar ta ce na yi yawa, in jira. (Ban taɓa sanin waya na iya ce wa mutum ya jira ba, kamar ma'aikacin asibiti.)

Nan fa kowa ta zama likita. Wata ta kawo lemon tsami, wata toka, wata ta ce in darza yatsan a bangon siminti. Na darza har ya fara zafi. Wata ta ce a kira wayar Likoro da tata mana. Da wace lamba? Sabon layi ne, lambarsa na cikin wadda ta kulle. A kira maƙwabta? Duk mai waya a gidanmu da maƙwabtan Iya ga su nan a tsakar gidana suna cin tuwona. Aka aika shagon mai waya, aka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Babbar gwaggon ango ta dube ni ta dubi rana. "Uwar amarya, hanyar Paki ba kyau fa. Ba ma son magariba ta same mu a daji." A waje direba ya fara danna oda. Safiya ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, kin ce zan ga Iya." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ta in rufe.

Ina tsaye zufa na bin bayana sai wayar ta yi ƙara. Na duba: Iya. Daɗi ya ɗebe ni na ce, "Ga ta nan! Ga Iya!" Na ɗauka, na sa a lasifika, na ƙure murya don kowa ya ji. Ban tsaya na tambayi kaina wa ya kira ba. Ashe ranar yamma ce ta doki tagar, tsohuwar wayar ta ɗau zafi, ta yi halinta. Su can ba su san ana jin su ba.

Muryar Inna Dije ce ta fara fitowa. "Yaya, rana fa ta yi sanyi. In cire miki ɗankwalin ki kwanta?"

"Bar shi. Ta ce in zauna, na zauna."

"Ko ta manta ne?"

"Ba ta mantuwa. Cika baki ne ya yi mata yawa. Tun tana ƙarama haka take. An taɓa sayo mata takalmi aka aike ta kai wa babanta fura gonar rake, sai da ta zaga gari tana nuna ƙafa, bawan Allah ya wuni da yunwa. Yanzu haka tana can tana nuna wa mata abin nan."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Har gwaggon ango sai da ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa na ƙame da waya a hannu, na kasa kashewa. Sai muka ji Iya ta yi ajiyar zuciya, ta ce a hankali, "Ni dai ko muryarta in ji kafin su wuce da ita."

Dariyar ta tsaya cak. Safiya ta fizge wayar tana kiran, "Iya! Iya!" Can muka ji Inna Dije na salati tana cewa abin nan na magana, kuma ita ba ta taɓa shi ba. Aka kara wa Iya a kunne.

"Safiya, ke ce? Ba na ganin ki fa."

"Ni ce, Iya."

"To gaya min. Me kika sa?"

Safiya ta faɗa mata tana kuka: lifaya ruwan goro, da 'yan kunnen mamanta. Iya ta ce, "Lallen ya kama?" Wata daga baya ta ce, "Na Malama ya fi kamawa!" Wannan karon mutane da hawaye suka yi dariyar. Iya ta yi mata nasiha gajeriya, ta ce ta riƙe salla, ta riƙe bakinta, ta yafe mata duniya da lahira. Direba na ta oda a waje. Daga ƙarshe ta ce, "Malama na kusa?"

Na ce, "Ga ni, Iya."

"Allah ya yi miki albarka. Kin ce za ki kira, kin kira."

Duk dariyar da aka yi min ranar ba ta yi min ciwo kamar wannan albarkar ba. Tun azahar tsohuwar nan take zaune da ƙugu mai ciwo, da sabon ɗankwali, tana kallon taga, kuma ba ta ga komai ba.

Ashe mai shago Kano ya tafi; da ya dawo ya buɗe wayar, bayan ya share duk abin da ke ciki. Na tattara hotunan da wasu suka ɗauka na kai wa Iya, na kuma gaya mata gaskiyar wanda ya kira. Ta daɗe tana kallon Safiya cikin lifaya, tana shafa gilashin da yatsa. Da na ce zan tafi da tsohuwar wayar, ta ce a'a, wannan ta zama tata, ita ce mai cika alkawari a gidan.

Yanzu in za a yi min ƙunshi, yatsa ɗaya nake bari fari, kuma ba na sake yi wa Iya alkawari da abin da ban gama sani ba. Ita kuwa tsohuwar wayar tana nan a tagar. Inna Dije ta ce duk lokacin da za su yi maganata, sai sun kife ta da kwano tukuna.