Motar da ta yi makoki

Me ya sa, cikin duk maganganun duniya, mijina Malam ya zaɓi wannan ta zama ta ƙarshe tsakaninmu? Har yau ban sani ba. (Jikata Zainab ce ke rubutawa, kuma tun yanzu ta fara dariya.)

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunyata kaina a garejin Baba Wasiu a nan Agege ba. Bayan rasuwar mijina, motarsa ta zauna a ƙofar gida har na gama takaba. Da ɗana Sani ya tayar da ita, sai ta ƙi canza giya, tana ta gurnani, hatta masu tura baro suna wuce mu. Ni kuwa na fashe da kuka, na bi maƙwabta ina cewa motar Malam makoki take yi.

Sani ya ce, "Inna, in giyar ta mutu, sai dai a kai ta kasuwar kayan mota ta Mushin a sayar." Kujerarta fa har yanzu tana ƙamshin turarensa.

Na bi shi garejin da kaina. A gaban direbobin motocin haya na danfo na ce, "Baba Wasiu, ka bi ta a hankali, marainiya ce."

Ya jona mata na'ura, ya ce wuta ba ta isa ga solinoyid, wani ɗan ƙarfe da ke buɗe wa man giya hanya. Ya auna shi da mita, lafiyarsa lau. Sai ya bi wayar da ke kai masa wuta da yatsa, can ya zaro ta a gutsure, tare da ƙayar kifi.

"Mama, ba makoki ba ne. Ɓera ne. Wa ke ajiye kifi a mota?"

Sani ya buɗe but, ga kwandon bandata zaune daram (ɗakina ƙarami ne, ina zan kai shi?). Wani direba ya ce, "Hajiya, ashe walima kika yi wa ɓeraye!" Na ja mayafi na rufe fuska.

An ɗaura sabuwar waya, mota ta miƙe sumul. Ita za ta kai Zainab ɗakin mijinta bayan Sallah, in Allah ya kai mu. Kifi kuma ya koma kan rufin ɗaki.

Ina kewar Malam kullum, Allah ya jiƙansa. Da safen da za a kai shi asibiti, ya riƙe hannuna, na zaci wasiyya zai bari. Sai ya yi murmushi ya ce, "Hajara, don Allah ki fitar da kifin nan daga motata."