Ranar Da Raɓa Ta Kai Injiniya Francis Gona

Duk Rikoto babu wanda Allah ya hore wa ilimi kamar Injiniya Francis, mai shagon kwamfuta na bakin hanya. Wa ya ba shi injiniyancin? Shi ya ba kansa, don bai ga wanda ya isa ya ba shi ba. Mu maƙwabta Oga Dijital muke ce masa, yana amsawa da ɗaga yatsa ɗaya. To, wannan babban mutum ne aka gani ranar Asabar yana tofa wa gilashin kwamfutarsa yawu, yana gogewa da nakatayal ɗin wuyansa, a gaban surukai.

Ga yadda abin ya faro. Francis yana neman Dinah, 'yar Baba Abel. A nan kuwa, mai son mata sai ya yi golmo, ya nome wa surukai gona. Oga ya ce sam.

"Baba, hannun da ke riƙe linzamin kwamfuta ba ya riƙe fartanya. Golmon zamani zan yi maka. Ɗanka Joel da ke aikin soja can nesa, zan kawo maka fuskarsa cikin gilashi, ku gaisa."

Baba Abel ya ce, "Na yarda. In na ga Joel, na yafe maka gona. In ban gan shi ba, ciyawa na jiranka."

Sai basira ta motsa. Oga ya taɓa bayan gilashin ya ji ɗumi, ya ce kada zazzaɓi ya kama na'ura kafin babbar rana. Ya tuna yadda uwarsa ke sanyaya randa. Ya jiƙa buhu sharkaf ya lulluɓe na'urar, ya rufe taga, a tsakiyar damina. Ya ce a Turai ma haka ake yi, buhunsu ne dai ya fi tsada.

Asabar ta zo. Baba Abel da matarsa Mama Leah suka zauna kan benci da kayan coci, mu kuma muka cika ƙofa. Oga ya yaye buhu kamar mai buɗe sabon asibiti, ya kunna. Gilashi ya yi fari fat, raɓa ta kwanta ta ciki, har tana gangarowa.

Muryar Joel ta fito tar: "Baba, ina ganinku! Mama, kin yi ƙiba!"

Mama Leah ta ƙura ido, ba ta ga komai ba sai wani duhu-duhu yana motsi cikin hayaƙi. Ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! Yaron nan ya koma gajimare! Joel, daga sama kake magana?"

"Mama, daga bariki ne!"

A nan ne yawu da nakatayal suka shigo. Oga ya goga, ya hura, ya yi fifita da maficin Dinah. Raɓa na ciki tana kallonsa.

"Jama'a, ku kwantar da hankali," in ji shi. "Sanyin garin da Joel yake ne ya biyo waya. Wanda bai yi karatu ba ba zai gane ba."

Ya tumɓuke wayoyi, ya rungumi gilashin, ya nufi murhun Saloma mai ƙosai, ya kanga shi bisa kasko. Da ya dawo, raɓa na nan daram, sai dai yanzu tana ƙamshin man gyaɗa.

Baba Abel ya miƙe, ya kakkaɓe wando. "Ɗana, muryar Joel kam na ji, amma rediyo ma yana yin wannan. Ka zo da wuri ranar Litinin. Fartanya akwai."

Da Oga ya tafi gona, aka bar gilashin kan tebur, ba buhu, taga a buɗe. Raɓa ta bushe da kanta. Ashe hutun Injiniya kawai na'urar ke nema.

Shekaranjiya muka bi ta gonar Baba Abel. Ga Oga cikin dawa, nakatayal a wuya, takalmi sau-ciki cike da laka, zufa na zuba kamar indararo. Saloma ta ɗaga murya:

"Oga Dijital! Kai ma raɓar ta shige ka ne? A kawo kasko?"

Ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu, ya ɗaga yatsan nan ɗaya.

"Ni dai akwai abin da raɓa za ta ɓata a kaina. Naku kawunan ko an tsoma su rijiya, ba asarar da za a yi."