Filin Saukar Sarkin Sama

Allah ya yi wa Lafia baiwa iri-iri, ga doya, ga riɗi, ga gishirin Awe yana shigowa kasuwa, amma duk ba su kama ƙafar Malam Muntaka Mai Sikeli ba. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaye shi. Mutum ne da ko tari zai yi sai ya jira jama'a sun taru. A faɗin garin nan babu wanda ya kai shi sanin sararin samaniya, domin ya taɓa hawa can ƙololuwar lodin doya a motar Makurɗi, kuma har aka isa sau biyu kacal ya yi amai.

Ana cikin kakar 1958 sai ga wani Babandi, akawun Kamfanin Balbela, masu ba da shatar jiragen sama. Turawan safiyo da ke neman kwal a dajin Awe sun yi shatar jirginsu mai saukar ungulu, ana neman wanda zai ajiye duro huɗu na mai, ya kuma gyara wurin sauka. In saukar farko ta yi kyau, a ba shi takardar wakilcin kamfani. Muntaka ke da sito mai rufin kwano, don haka shi aka mirgina wa durorin. Kafin Babandi ya kai tasha, Malam ya zama Sarkin Sama. Shi ya naɗa kansa, shi ya fara kai wa kansa gaisuwa.

"Mu Balbela," in ji shi ga matan da suka kawo riɗi awo, "da jirgi ɗaya muka fara a Jos, ɗan mitsitsi mai kujera uku, muna jigilar Turawan kuza da jakar wasiƙu. Mun sha wuya, jama'a! Yau jirage huɗu gare mu, ga kuma autansu, wanda ba ya buƙatar gudu kafin ya tashi. Yadda kuke shatar mota zuwa Assakio, haka ake shatarmu zuwa gajimare."

Wannan wuya da ya sha, a bakin Babandi ya ji labarinta suna cin tuwo. Su kuwa matan suna tsaye da buhuna a ka, sikeli yana hutawa.

Babandi ya bar takarda da Turanci. Malam ya kira Iorchia, malamin makarantar mishan, ya karanta masa. Ba wai bai iya ba ne, a'a, idonsa yake tanadi don duban sama. Sharuɗɗa uku ne a ciki. Fili ya zama fayau, ko tsinke kada a bari. Kada mutane su matso. A hura wuta da ɗanyen ganye a gefe, don matuƙi ya ga inda iska ta nufa.

Sarkin Sama ya yi dariya irin ta wanda ya gano kuskuren yara.

"Akawu ne ya rubuta wannan, ba Bature ba. A Lafia? Baƙo ya taso tun daga sama, in tare shi da fili wayam kamar an yi ƙaura? In turnuƙe shi da hayaƙi kamar ina korar gafiya a rami? Ku ba ku san manya ba. Babban mutum in ya ce kada a yi ɗawainiya, ɗawainiyar yake jira ya gani."

"Malam, ni dai abin da takarda ya faɗa ke nan," in ji Iorchia. "Wannan injin, iska nasa ba wasa ba."

"Kai ka taɓa hawa sama?"

Iorchia bai taɓa ba. Aka rufe magana.

Sai shiri ya kankama a filin bayan sito. Aka aro tabarmi sittin aka shimfiɗe, don kada ƙafar jirgi ta taɓa ƙasa. Aka kafa rumfuna uku na sabuwar zana. Aka jera faifan riɗi da ƙoren gishiri da garin alabo, don Turawa su ga arzikin ƙasa tun daga nesa. Riɗin na mata shida ne, noman damina guda, Malam ya ce aro ne na yini ɗaya kuma alfarma ce ya yi musu. Ya sa aka yi shela cewa ranar Talata kada a ga hayaƙi a unguwa, har masu ƙosai aka kora. Wanda ba shi da tufar kirki kuma ya zauna a gida, kada ya ba kamfani kunya.

Talata da hantsi gari ya juye a filin. Sarkin Sama ya fito da manyan riguna uku, ɗaya kan ɗaya, da rawanin da sai da mutum biyu suka taya shi naɗawa. Ya tsaya a tsakiyar babbar tabarma, daidai inda jirgin zai sauka, saboda mai masauki ba ya raɓewa gefe. Da aka ji ruri daga arewa sai ya ɗaga hannu.

"Ya ku jama'ar Lafia! Yau ni Muntaka na ɗaura auren sama da ƙasa. Jikokinku za su..."

Ba a san abin da jikoki za su yi ba har yau. Jirgin ya sauko kamar tsayin giginya, sai tabarmi suka miƙe su tarye shi. Rumfuna suka bi bayansu. Gishiri ya shiga idon kowa, ba babba ba yaro, alabo ya mai da liman da mahauta launi ɗaya, riɗin mata shida ya bi iska suna kallo suna kururuwa. Rawanin Malam ya warware ya tafi ya naɗe bishiyar mangwaro. Rigunan nan uku suka kife masa a ka, aka bar jama'a da wando da ƙafafu biyu suna neman hanya. Matuƙi ya ga tabarma guda ta isa ta sarƙe farfela ta hallaka su duka, sai ya ja sama ya yi wajen Kwandere.

A kan hanyar Kwandere akwai wata manomiya, Sewuese, wadda ba ta je tarya ba don zanenta ɗaya ne kuma ya ji jiki. Ta gama bugun riɗinta, ta kwashe, ta share masussuka tas, tana ƙona kara a gefe. Fili fayau, ga hayaƙi, ba kowa sai ita. Jirgi ya sauka lafiya lau.

Sarkin Sama ya yi gudun mil biyu ba takalmi, ido ɗaya a rufe, rabin gari na biye da shi. Ya tarar Turawa na shan ruwa a ƙwaryar Sewuese, Babandi kuma, wanda ya zo a cikin jirgin, yana rubuta sunanta a takardar wakilci.

"Malam, sannu da zuwa," in ji ta. "Tsaya bayan kunya can. Kamfani ya ce ba ya son mutane kusa. Gobe ka kawo duro nan, duka huɗu."

Da wani ne, da ya juya gida. Amma Malam ba wani ba ne. Ya kakkaɓe alabo daga gemu, ya ɗaga murya daga bayan kunyar doya.

"Babandi! Gaya wa matuƙi ni ne Muntaka, mai wancan filin!"

Babandi ya gaya masa. Matuƙi ya dubi Malam tun daga sama har ƙasa, ya buɗe taswirar kamfani a kan gwiwa, ya ce a maimaita sunan a hankali. Ya zaro jan alƙalami ya rubuta, har da ja masa layi biyu.

Nan take ƙirjin Malam ya dawo wurinsa.

"Kun gani da idonku? Wakilci na yau ne, taswira ta har abada ce. Duk matuƙin da ya tashi daga Jos sai ya karanta sunana. Iorchia, je ka karanto wa jama'a, ka ɗaga murya na baya su ji."

Iorchia ya jingine kekensa ya je ya leƙa. Ya ce ko Malam zai bari sai sun koma gida. Malam ya ce yanzu, kuma kada ya rage ko harafi. Sai ya ɗaga murya, na baya suka ji.

"Filin Muntaka. Haɗari. Kada a sauka nan ko da mai ya ƙare."