Sandar Hana Tangaɗi

Matar mai walda ce ta fara kawo mini labarin. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kaka, zo ki ga jikanki a bakin shagon maigidana. Yana kwance ƙarƙashin motar matarsa, yana rantsuwa kafin azahar sai ta fi motar tsere iya shan kwana."

Jikan nan nawa ni na goya shi, ina sonsa har cikin raina, amma in gaya muku gaskiya, bakinsa ya riga hankalinsa girma. Wayoyin hannu yake sayarwa, shi kuma ya raɗa wa kansa Injiniya. Ni Na-Sani nake ce masa, don tun yana rarrafe ban taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Motar 'yar ƙarama ce, kamar kwanon sha da ƙafafu. Ta matarsa ce, nas ce a asibiti, ita ta saya da guminta. Shi dai an ba shi makulli yana kai ta aiki, ya wuni yana kaɗa shi a yatsa don a gani. Ya taɓa gyara rediyon motar, rediyo ya bebance. Ya gyara hon, hon ya koma kukan akuya mai mura. Ran nan a gabana matar ta ce masa, "Abban yara, ka ƙara kusantar motar nan da sifana, kai da makullin nan sai dai a hoto."

Na ja sandata na tafi. Na tarar da ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Na-Sani, me ka jefar a can?"

Ya fito, fuska duk baƙin mai. "Kaka, ilimi ne, ba za ki gane ba. Kin ga bayanta ya karkace hagu? In na sha kwana sai ta riƙa tangaɗi kamar 'yar maye. Sandar hana tangaɗi ce babu. Ƙarfe ne da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama. Na gani a waya, sau uku na kalla."

"Matarka ta sani?"

"Sai ta gani. Godiya za ta yi har da hawaye."

Ya nuna mini sandar. Jama'a, wani tsohon ƙarfen ƙofar gida ne ya samo wurin masu gwangwan, kaurinsa ya kai damtsena.

Mai walda, dattijo mai haƙuri, ya juya ƙarfen ya ce, "Injiniya, ita sandar da kake faɗa siririya ce, kuma da roba ake ɗaure ta don ta riƙa murɗuwa kaɗan. Wannan in na liƙa shi, ƙafafun baya sun daina motsi ke nan."

"Abin da nake so ke nan! Motsin ne ciwon. Waɗanda suka ƙera motar rowar ƙarfe suka yi. Liƙa a ƙafafun, ka liƙa a jikin motar ma, kada ka bar ko'ina."

Mai walda ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Kaka, ke ce shaidata." Ya sa baƙin gilashinsa.

Da aka gama, motar tana nan a karkace yadda take. Na faɗa. Na-Sani ya ce sai ta ji hanya za ta miƙe, ƙarfe yana bukatar sabo. Ya buɗe mini ƙofar baya har da rusunawa. "Shiga, tsohuwa, mu ɗauko matata daga aiki. Yau za ki ji kamar a kan katifa."

Katifar ban gan ta ba. Ko tsakuwa muka taka sai na ji ta a haƙoran da suka rage mini. Muka iso tudun nan da ake yi a titi don a rage gudu. Gaba ya hau lafiya. Da baya ya hau, sai ga ni a sama, kaina ya gaisa da rufi, ɗankwalina ya sauko mini har hanci.

"Kai ɗan nan, kashe ni za ka yi?"

"Alamar ƙarfi ce, Kaka. Riƙe da kyau."

Sai wani abu ya ce ƙwal a ƙarƙashinmu. Ashe ƙarfen ya doki salansa, bututun hayaƙin nan, ya tsinke ta. Muka ci gaba da ruri kamar injin niƙa, muna jan salansa a ƙasa, masu shaguna suna fitowa kallo. Shi kuwa cewa ya yi haka motocin tsere suke kuka.

A shataletalen gaban asibiti ne ya so ya nuna mini gwaninta. Bai rage gudu ba, ya murɗa sitiyari. Na ji gefena ya tashi. Na leƙa taga, sai na ga mutane suna nuna mu suna riƙe ciki. Ƙafar baya ɗaya ta bar ƙasa, tana lilo a sama, sak kare ya sami gindin bango. Na yi salati. Ya taka birki, muka dire daram a bakin ƙofar asibiti, daidai ƙafafun matarsa.

Ta zagaya motar a hankali, ta durƙusa da fararen kayanta ta leƙa ƙasa, ta daɗe tana kallo.

"Abban yara, ƙofar gidan wa ka sa mini a mota?"

"Ki tsaya in yi miki bayani. Karkatar nan da tangaɗin..."

Akwai wani mai faci a gindin bishiya nan kusa, tun ɗazu yake kallonmu. Ya taso, ya sa ƙafa ya danna tayar baya ta hagu, sai ta lotsa. Ya shafa ta, ya nuna mana kan ƙusa. "Hajiya, ai iska ce ta zube. Ta yi kwanaki haka." Ya liƙe ramin, ya sa famfo, motar ta miƙe tsaf muna kallo.

Na-Sani ya ɓoye hannun da ke riƙe da makulli a bayansa.

Matar ta miƙa hannu. Ya dube ni, ko zan sa baki. Na ce, "Kada ka kalle ni, ƙulun da ke kaina bai gama tashi ba." Ya zare makullin daga yatsa kamar ana cire masa farce.

Ta karɓa ta ce, "Kullum kana cika baki, ashe taya ɗaya ta gagare ka cikawa. Da bakin ka kafa mata, ai da har ta yi yawa."

Mai faci ya yi dariya har ya zauna a kan famfonsa. Ni dai a motar haya na koma gida.

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Washegari da safe na ji za su kai motar wurin bakanike na gaskiya a yanke ƙarfen. Ita ce a sitiyari, ta ce shi a baya zai zauna, kuma hanyar tana da tudu shida. Na ɗauki matashina mafi laushi na kai masa har bakin mota. Ya yi godiya, ya ɗaga zai zauna a kai.

Na ce, "A'a, Injiniya. A ka ake sawa."